An Dawo Gida: Kada Rubutunki Ya Mutu A Gindin Akwati

 Zancenmu na yau a kan wani ɗan lokaci ne da ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa a cikinsa ne labarai masu yawa suke mutuwa tun kafin kowa ya ji ɗuriyarsu. Wannan lokaci shi ne makon farko na dawowa daga tafiya.

Kowa ya san yadda abin yake a garin nan namu na Kaduna. Da an yi hutun makaranta, ko biki ya taso, ko an ce wata ta haihu a dangi, sai ki ga 'yan mata sun cika tashar Kawo da ta Mando, wasu kuma sun nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Masu zuwa Kano wurin gwaggo, masu zuwa Katsina gaida kaka, masu zuwa Abuja taya yaya zaman jego. A can baƙuwa ce ke, aiki bai yi miki yawa ba, idonki kuma a buɗe yake saboda komai sabo ne. Nan ne labari yake zuwa da kansa. Ki sayi littafin rubutu mai falle 60, ki yi ta zuba, har ki rantse a ranki cewa da kin koma gida sai kin ƙarasa shi kin aika an buga.

To an dawo. Tun daga zaure ƙanne sun tare ki da ihun oyoyo, maƙwabta na shigowa barka da hanya, ana rabon tsaraba. Kafin ki farga ga tulin wanki, ga girkinki ya zagayo, ga Islamiyya an koma, ga jarrabawa tana matsowa. Littafin nan kuwa yana can gindin akwati ƙarƙashin atamfofi. Yau gobe, yau gobe, har shekara ta zagayo. Ranar da za ki sake cin karo da shi, sai ki karanta ki ji kamar wata ce ta rubuta, zaren labarin ya riga ya tsinke. Kash! Da yawa daga cikin matan da muke gani a gidajen biki marubuta ne da akwati ya cinye.

Tafiya ba ta cika ba sai an ba da labarinta

Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ilimin da ya tsaya a cikin wanda ya yi tafiyar kaɗai, amfaninsa kaɗan ne. A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Alhaji Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939, ya tafi Ingila tare da wasu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Da ya dawo aikin jarida yana jiransa, ga kuma iyali, amma bai bari abin da ya gano ya sha ruwa ba. A 1944 littafinsa mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito. Shekara guda ke nan tsakani. Da ya ce sai ya huta tukuna, sai ya samu sarari, wataƙila da yau babu wanda ya san abin da idonsa ya gani.

Kada ki ce ai shi namiji ne, babu tukunya a gabansa. Koma baya ki dubi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, uwa ce mai 'ya'ya, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Matan ƙauyuka da ake kira 'yan taru sukan yi tattaki su zo wurinta ƙarƙashin jagorancin jajinsu, su ɗauki karatu, sannan su koma garuruwansu su koyar da sauran mata a cikin gidaje. Kin ga ashe komawa gida ba ƙarshen aikin ba ce, a nan ne ma aikin yake farawa.

Gida yana da haƙƙinsa

Sai dai fa a yi hattara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yarinyar da ta yi wata guda ba ta nan, wasu ne suka ɗauke mata shara da wanke-wanke da ɗiban ruwa. Idan ta dawo ta shige ɗaki ta turo ƙofa wai ita marubuciya, to ta saya wa alƙalaminta baƙin jini da hannunta. Gobe in an ga ta ɗauki biro, cewa za a yi, "Ga ta can ta fara aikin banzan nata." Daga nan sai hani ya biyo baya.

Saboda haka kwana uku na farko ki ba gida su kacokan. Ki gaida na gaidawa, ki isar da saƙonnin da aka ba ki, ki raba tsaraba da adalci ko da ƙuli-ƙuli ne, ki wanke kayanki, ki karɓi aikinki ba tare da an tuna miki ba. In ke matar aure ce, ki duba abin da ya ƙare a ɗakin girki, ki duba littattafan yara da kayan makarantarsu, ki ba maigida lokacinsa ya ji cewa lallai matar gida ta dawo.

Abu guda kawai za ki yi wa rubutunki a waɗannan kwanaki, kuma ba zai ci miki minti 10 ba. Daren da kika sauka, ki fito da littafin daga akwati ki ajiye shi inda idonki zai riƙa ganinsa. Sannan a shafin ƙarshe ki rubuta layi 10 kacal: inda labarin ya tsaya, abin da zai faru gaba, yadda kike so ya ƙare, da 'yan abubuwan da kika gani a hanya waɗanda kike tsoron mantawa, kamar yadda mai tallar dafaffen ƙwai take kiran ciniki a tasha, ko irin karin harshen mutanen garin da kika je. Waɗannan layuka su ne igiyar da za ki kama ki jawo labarin daga baya.

A rana ta huɗu ki samu mahaifiyarki lokacin da hankalinta yake kwance, ki durƙusa ki ce, "Umma, alfarma nake nema. Akwai ɗan labarin da na fara rubutawa a can, ina so in ƙarasa. In na gama aikina na safe, ki ba ni sa'a ɗaya kafin azahar." Uwar da ta ga kin sauke nauyinki da wuya ta hana ki. Haka ma maigida, gara ya ji daga bakinki da ya tsinci sunanki a bakin abokansa. Rubutun da aka fara da sanin manya yana tafiya da albarka, kuma ranar da aka nemi ki je karɓar kyauta ba za a tsaya dogon bayani ba.

Lissafin ba shi da wuya. Shafi 2 a rana, a wata guda kin yi shafi 60. Wata ta fi jin daɗin rubutu bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, wata tsakanin azahar da la'asar lokacin da yara suka tafi makarantar allo. Ki zaɓi naki ki riƙe shi. Ɗaliba kuwa ta sani karatu ne gaba. In jarrabawa ta matso, a rage rubutu zuwa Asabar da Lahadi, amma kada a yanke shi ɗungurungum.

Amanar gidan da ya sauke ki

Ga wani wuri da ƙafar 'yan mata da yawa take zamewa. Baƙuwa tana ganin abin da bai kamata ta gani ba. Kin zauna gidan kawu, kin ga yadda kishiyoyi suke zaman doya da manja, kin ji sirrin auren 'yar gidan da yake tangal-tangal. Abin ya taɓa zuciyarki, kuma lallai zai yi daɗin labari. Amma in kika kwashe shi yadda yake kika zuba a takarda, kika canza sunaye kawai, to ki tabbata mutanen gidan za su gane kansu tun a shafin farko, dangi ma za su gane su. Mutanen da suka ba ki shimfiɗa da abinci, ki saka musu da tallata asirinsu? Zumuncin shekara da shekaru sai ya lalace a kan labari ɗaya, kuma iyayenki ne za su kwana a ciki.

Abin da gwanaye suke yi shi ne su ɗauki darasin su bar mutanen. Ki tambayi kanki: mene ne ainihin abin da ya dame ni a nan? Rashin adalcin miji ne? Cire yarinya daga makaranta ne? To ki gina sabon gida a cikin labarinki, da sabon gari, da sabuwar sana'a, da mutanen da ke kika ƙirƙire su, sannan ki ɗora musu wannan matsala. Ta haka saƙonki zai isa, amana kuma ta tsira.

Waɗanda suka riga ki aikawa

In kika ji tsoro yana kama ki, ki tuna waɗanda suka share miki hanya. Hajiya Hafsat Abdulwaheed tana matar aure ta shiga gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya, labarinta So Aljannar Duniya ya samu shiga cikin waɗanda suka yi nasara, aka buga shi a 1980. Ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da aka buga wa littafin ƙagaggen labari na Hausa. Da ta bar shi a akwati fa?

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13. Duk da haka ta koma neman ilimi, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne. Wannan na ƙarshen har an fassara shi zuwa Turanci an buga a ƙasar Indiya a 2012. Ga kuma Talatu Wada Ahmed mai Rabin Raina tun a shekarun 1980, da Anti Bilki Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa a shekarun 1990. Dukkansu mata ne masu gida da hidimar gida.

Garinmu ma ba baya ba ne a wannan fage. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda asalinsa ya fara aiki a 1962, ya daɗe yana karanta labarai a shirin Shafa Labari Shuni, inda marubuta da dama suka fara jin aikinsu a kunnen jama'a. A kan titin Ahmadu Bello jaridar New Nigerian ta fara fitowa a 1966, kuma mace, marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, ta riƙe kujerar editanta a 1987 kafin ta koma mujallar Citizen a nan Kaduna a 1990. A shafukan jaridar Nasiha ta Kaduna aka tafka muhawara mai zafi a farkon shekarun 1990 a kan littattafan soyayya. A nan kuma Malam Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999. A 2017 aka fara bikin baje kolin littattafai da fasaha na Kaduna, wato KABAFEST.

Na baya-bayan nan kuwa, sashen Hausa na BBC ya ɓullo da gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarinta Sansani. A 2021 matashiya Aishatu Musa Dalil daga Kaduna ta zo ta ɗaya da labarin Haƙƙina, a 2022 kuma Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauke kambun da Garar Biki. Bambancinsu da sauran dubban mata masu baiwa shi ne, su sun ƙarasa, kuma sun aika.

Kafin ki aika

In kana da kyau ka ƙara da wanka. Rubutun farko na marubuciya ne ita kaɗai, ba shi ake kai wa edita ba. In kin kai ƙarshe, ki ajiye shi mako guda, sannan ki ɗauko ki karanta da ƙarfi kamar kina karanta wa ƙawarki. Duk inda harshenki ya sarƙe, akwai gyara a wurin. Duk inda kika ji kin gaji, mai karatu ma zai gaji, sai ki rage.

Ki kula da ƙa'idojin rubutun Hausa, domin su ne abin da alƙalan gasa da editoci suke fara gani. Haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne: ƙafa dabam, kafa dabam; ɓari dabam, bari dabam; ɗaki dabam, daki dabam. Ki raba kalmomi inda ya dace, a rubuta "ya ce" da "ta zo" da "shi ne" a rarrabe. Maganar kowane mutum ta fara a sabon layi. In kina shakka, malamar Hausa ta makarantarku tana nan, kai mata ki ce ta duba miki. Mutum ɗaya ko biyu masu faɗin gaskiya sun ishe ki, ba sai kin zagaya da shi unguwa ba.

Sannan ki san inda za ki aika, ki kuma bi sharuɗɗansu sau da ƙafa. Gasar Hikayata ta sha gindaya cewa labari ya kasance tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, cikin daidaitacciyar Hausa, kuma wanda ba a taɓa fitar da shi a ko'ina ba. Kin ga wadda ta riga ta watsa nata a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad ta rufe wa kanta wannan ƙofa. Sharuɗɗa sukan canza, don haka ki nemi na shekarar da kike ciki ki karanta da idonki. Mai dogon labari kuma ta riƙa sauraron sanarwar cibiyar Gusau Institute da ke nan Kaduna, wadda ta sha shirya gasar littattafan Hausa. Mujalla ko jarida kuwa, ki karanta fitowa biyu ko uku tukuna ki ga irin abin da suke bugawa da tsawonsa. Ki haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa: sallama, sunanki, sunan labarin, abin da ya ƙunsa a layi biyu, da yadda za a same ki. Ban da roƙo, ban da yabon kai.

Kada ki taɓa rabuwa da kwafinki na asali. A da, marubuciya takan sa takardar kabon ko ta yi fotokwafi kafin ta kai gidan waya. Yanzu da ake bugawa a waya, ki tura wa kanki ta imel, ki kuma adana na takarda. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, manhaja ma tana mutuwa. Dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da yawa suka zuba ayyukansu a kai, ya rufe a ƙarshen 2023. Wadda take da kwafinta a hannu ita ce ba ta yi kuka ba.

In kuwa littafi za ki buga da kuɗinki, ki sani ana karɓar lambar ISBN ne daga Hukumar Ɗakin Karatu ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna, kuma doka ta ce a ajiye mata kwafi 3 na duk littafin da mai zaman kansa ya buga. Haƙƙin mallakar labari naki ne tun daga ranar da kika rubuta shi, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tabbatar da haka. Saboda haka duk wanda zai buga miki, ko zai karanta labarinki a YouTube, ko zai mayar da shi fim, a yi yarjejeniya a rubuce: nawa za a buga, nawa ne rabonki, yaushe za a biya. A sa hannu gaban shaidu, ciki har da wani babba na gidanku.

Ga kuma gargaɗi na musamman gare ku 'yan mata. Duk wanda ya ce zai taimaka miki a buga labarinki amma sai kin same shi ke kaɗai a wani wuri, ko ya fara kiranki da dare yana yabon muryarki maimakon rubutunki, to ba labarin yake so ba. Edita na gaskiya yana da ofis, yana da lokacin aiki, kuma ba ya jin haushi don kin zo da yayanki ko mijinki. Mutuncinki ya fi kowane littafi tsada.

Bayan an aika

Ki samu shafi guda a bayan littafinki ki rubuta sunan labari, inda kika aika, da ranar da kika aika. Daga nan ki koma harkokinki, ki fara sabon labari. Kada ki zauna zaman jiran amsa har tuwo ya ƙone. In wata biyu ko uku suka wuce shiru, ki tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi. In an ce bai samu shiga ba, ba ke aka ƙi ba, kuma ba a ce ki daina ba. Gasa tana karɓar ɗaruruwan labarai, uku kawai ake ɗauka a sahun gaba. Ki sake dubansa, ki gyara, ki aika wani wurin. Kada dai ki aika labari ɗaya wuri biyu a lokaci guda ba tare da kin sanar da su ba, domin yin haka yana zubar da ƙimar marubuciya.

'Yar uwa, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. In kin dawo daga tafiya a 'yan kwanakin nan, ki ɗauki kalanda yau ɗin nan ki zagaye rana biyu: ranar da za ki ƙarasa, da ranar da za ki aika. Ki faɗa wa Umma ko wata aminiyarki ranakun don ta riƙa tuna miki. Gida ba zai taɓa rasa aiki ba, wanki ba ya ƙarewa, baƙi ba sa yankewa. Wadda take jiran ranar da za ta zauna babu abin yi, har ta tsufa ba za ta ga ranar ba. Akwai wata yarinya a Unguwar Dosa ko Badarawa ko Tudun Wada da take cikin irin halin da kika rubuta, tana ganin ita kaɗai ce a duniya. Labarinki zai iya zama abin da zai share mata hawaye, amma sai ya fito daga akwati.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya sa mu rubuta abin da zai amfane mu duniya da lahira, ya kuma bar mu da iyayenmu da mazajenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.